Tudun da ya ci rumbun kakana

Jiya da hantsi ina shan fura a ƙofar gida, nan Sabon Gari, sai ƙwayar rairayi ta shiga tsakanin 'yan haƙoran da suka rage mini. Wani da sai ya yi wa mai fura faɗa. Ni kuwa ajiye ludayi na yi, na fiddo ta a kan yatsa, na dube ta da ladabi. Na san danginta. Sun taɓa cinye rumbu guda a gabana, kuma da izinina.

Ku gyara zama, mai ilimi ne ke magana. Na yi lakwal har aji huɗu a Tsibiri, kuma ba don mushe, malaminmu, ya gaji da ni ba, da yanzu wani zance ake.

Gonar kakana tana arewa da gari. A gefenta na gabas akwai tudun rairayi, ja, mai laushi kamar gari. Bayansa a kwance yake, ko jaki da kaya ya hau. Fuskarsa ta yamma kuwa a tsaye take, ga hannuwa biyu sun miƙo kamar jinjirin wata. Cikin wannan lungu ba iska ko kaɗan. Shi ya sa shekarar da gero ya yi kyau, kakana ya ce nan zai kafa sabon rumbu, inda iska ba za ta yaye jinka ba.

Kakata ta ce, “Malam, tudun nan fa tafiya yakai.”

Ya yi dariya, ya kira ni, da yake ni kaɗai ne ɗan boko a gidan. “Kai mai lakwal, mi takarda ta ce? Tudu na tafiya?”

Na gyara wuyan riga. Na ce akwai taswira a bangon ajinmu, tuddan duniya duka suna ciki, kuma tun bara ina lura da su, ko ɗaya bai gusa ba.

Da wannan fatawa aka kafa rumbu, taku goma sha biyu daga gindin tudu. Aka zuba abincin gida na shekara, aka ɗora iri a can sama.

Kakata ta bari sai tsakiyar rani. Ranar da za ta ɗebo gero ta ce in raka ta. Ta zagaya da ni bayan tudu, wajen gabas, ta ce in kwanta rub da ciki, in sa kunci a ƙasa. Iska na busawa, ba mai ƙarfi ba ma.

Jama'a, har yau ban manta ba. Ƙasar da nake tsammani a kwance take, ashe tsalle take yi. Ƙwaya ta tashi, ta faɗa kan 'yar'uwarta, waccan ma ta tashi. Dubu kan dubu, duk sun nufi sama, da wata ƙara siririya kamar ana shiƙa daga nesa. Na bi su da rarrafe har ƙoli. Can suke taruwa, su yi nauyi, sai gefen ya tsage a hankali ya zube wajen rumbunmu. Tudun yana kwasar bayansa yana zubawa gabansa. Ba ƙafa, ba gaggawa, ba hutu.

Ta nuna mini can nesa, ta ce lokacin da aka kawo ta gidan, a can yake, kuma bai fi tsibin shara ba. Wata sabara ce ta tare rairayi a gindinta, tsibin ya tare wani, har ya haɗiye sabarar ya kama hanya.

Na sauka na auna. Taku bakwai.

Kakana ya tara maza, aka shiga kwasa da ƙwarya da kwando daga fuskar tudu. Duk ƙwaryar da aka ɗebe, biyu su gangaro. Kawuna, wanda ke noman laka a Jiratawa, ya share gumi ya ce shi dai bai taɓa ganin ramin da ke cika kansa ba.

Da bazara aka yi kwana uku ana iska. Da ta lafa, rairayi ya cike ƙarƙashin rumbu, ya binne duwatsun da ke ɗauke da shi, gara kuwa ta samu hanya. Muka kwashe dammuna ranar nan har la'asar. Iri ya tsira. Na ƙasa duk sun zama ɓuntu. Daminar nan sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu. Kakana dai ya daina kiran sunana, sai “Taswira”.

Daga nan kakata ta karɓi yaƙin. Ta ce ba a tare shi ta fuska. Ta sa aka kakkafa karan gero layi-layi a bayansa, inda ƙwayoyin ke fara tsalle. Ta hana a sare ko sabara ɗaya lokacin sassabe. Maƙwabta, waɗanda abin alfaharinsu gona fes, suka yi ta cewa ragwanci ya kama gidanmu. Rumbun kam bai tsira ba. Abin da na gani na ƙarshe shi ne tsinin jinka, zaune bisa rairayi kamar an manta malfa. Amma damina bayan damina ciyawa ta kama, tudun ya rage tafiya, har ya kwanta.

Bara na hau kabu-kabu na koma. Na sha wuya kafin in gane wurin. Hannuwan sun ɓace, fuskar ta kwanta, ga gawo da sabara, ga gero har ƙoli. Na tsaya daidai inda nake zaton rumbun yake, ƙarƙashin ƙafata. Na gaya wa jikar ƙanena, wadda ta kawo mini ruwa, cewa tudun nan daga can gabas ya tako.

Ta dube ni da tausayi. “Kaka, tudu ba ya tafiya. An koya muna.”

Na ce, “Aji nawa kike?”

Ta ce huɗu.

Na cire hula, na miƙa mata sandata, na fara neman inda tsoho zai iya kwantawa rub da ciki.