Gabun Yaya Delu

Shekara ashirin da shida Abdulmumin ya yi yana ban-ruwan furanni a wani otel na Zinder. Da aka rufe otel ɗin abokan aikinsa suka yi awon gaba da kujeru da labulaye, shi kuwa ya tono kawunan wata shuka guda biyar ya zuba a aljihu. Ganyenta sirara ne kamar lawashi, in ka murza sai warin tafarnuwa ya bi yatsunka, amma ba don miya ake shuka ta ba. Don furenta ne, ɗan shunayya mai tsayawa a kan dogon kara.

A gidansa na Garin Malam ya dasa su cikin tsofaffin gwangwanaye. Shekara uku suna cin ruwa ba su ba da fure ko ɗaya ba, a garin da pampo kan yi kwana huɗu bai ɗiga ba. Ruwan alwalarsa a tasa yake tarawa, na wankin shinkafa ma bai bari a zubar. In matarsa Zuwaira ta cika bido biyu, wato jarkokin ruwa, sai ta tarar ɗaya ya koma rabi. Ta yi magana har ta gaji ta bari, shi kuma ya ɗauki shirun nata a matsayin yarda.

A bana ne kara bakwai suka fito, kowane da toho a kai. A makon ne kuma ya ji wata sabuwar lakol, makarantar boko, tana neman mai kula da lambu. Ya je ya sami madam mai lakol ɗin, ta dubi furfurarsa ta ce akwai wani Illa da ya riga shi zuwa, amma ran Asabar kowa ya kawo abin da ya rena da hannunsa ta gani. Abdulmumin ya san Illa, mai sayar da dashe ne a bakin hanya, bai taɓa renon komai ya wuce wata guda ba. Bai gaya wa kowa a gida maganar aikin ba. Ya ce wa kansa so yake ya ba su mamaki, amma gaskiyar ita ce kunya yake ji a san yana roƙon aiki da wannan gemun.

Ran Alhamis yayarsa Delu ta zo cin kasuwa daga Tirmini ta kwana. Delu ba ta iya zama a gidan mutane hannu sake, in ba ta sami tsinta ba za ta sami shara. Washegari yana masallacin Juma'a ta ga lawashi ya yi tsawo har yana shirin fure, abin da a ƙauyensu ake kira sakaci. Ta sa wuƙa ta yanke shi ƙasa-ƙasa, ta kirɓa a turmi, ta cura gabu tara ta shanya a faifai.

Warin ne ya tarbe shi tun daga zaure.

"Ka gode Allah na zo," in ji Delu, tana goge taɓarya. "Saura kaɗan albasarka ta tsufa a banza. Kai da kake ta aikin Nasara, yankan lawashi ma sai an koya maka?"

Yayarsa ce, ita ta goye shi. Ya ce mata sannu da aiki, muryarsa kamar ta aro. Sannan ya bi Zuwaira madafa ya tambaye ta a hankali ko ba ta gida lokacin da aka yi abin. Ta ce tana nan, ita ce ma ta miƙa wuƙar.

"To, Malam, ni ce zan hana Yaya?" Ba ta ɗago daga tukunya ba. "Da ka ce min akwai abin da kake jira, da na san abin faɗi."

Ya tsaya yana kallon bayanta. Ta san ba albasa ba ce, shekara uku tana wanka da rabin bokiti saboda ita. Ya so ya yi faɗa, sai ya tarar a ƙarƙashin fushin akwai wani ɗan sanyi da ya ba shi haushi fiye da yankan: yanzu in madam ta ƙi shi, ba tsufansa ba ne, Delu ce.

Duk da haka ran Asabar ya ɗauki gwangwani ɗaya ya tafi. Ya yi wa madam bayanin furen, launinsa, tsawon karansa, yadda yake jure zafin bazara. Ta sunkuya ta shinshina guntayen, ta ja da baya, ta ce yara ba za su zauna kusa da wannan ba. Illa ya zo da tukwane huɗu masu jan fure waɗanda Abdulmumin ya tabbata jiya aka sauke su daga mota. Aka ce Illa ya fara Litinin.

Ya iso gida Delu ta ɗaure kayanta tana jiran ta yi masa sallama. Ta ce irin nan nasa yana da ƙarfi, ɗan kaɗan ya ishi tukunya, ya tono mata kai biyu ta kai Tirmini. Ya dubi Zuwaira ko za ta ce wani abu. Ta shiga ɗaki ta fito masa da leda.