Nuriyya, Likitar Zuciya daga Tsamaye

Nuriyya taubashiyata ce, 'yar kawuna Halliru na Tsamaye, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kanta, ba mai cin tarata. Tun tana ƙarama kunne gare ta kamar zomo. In akuya ta yi tari a bayan gida, ita ce za ta fara ji. Muka ce wannan in ta girma gulma za ta yi, sai ga shi ta zama likita.

Da ta gama karatu a Sakkwato muka ce to, an huta. Ta ce ai yanzu aka fara. Ta tafi ƙasar Yarabawa koyon aikin zuciya, shekara da shekaru. Can malamanta suka gane Bagobira ce, suka tasa ta gaba da wasan da ke tsakaninmu da su, wai baiwarsu ta zo koyon sana'a. Ba ta raga musu ba ko sau ɗaya. Yanzu tana aiki a wani babban asibiti, a ɗakin waɗanda zuciyarsu ta gaji, masu haki da kumburin ƙafa, waɗanda ba sa iya barci sai a jingine. Tana duba hoton zuciyarsu, tana daidaita musu magani, tana faɗa da danginsu a kan gishiri da kanwa.

Mu nan gida ba haka muka fahimci aikin ba. Da ta zo hutun salla, wata tsohuwa daga Kurawa ta jawo ƙaton ɗanta ta ce a yi masa allura, zuciya gare shi, abu kaɗan sai ya hau faɗa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

A wannan zuwan ne ta lura da mahaifinta. Mutumin da ya tsufa yana kai kaya Maraɗi, yanzu daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta, ƙafafunsa sun kumbura sumtum. Ta ja ni gefe, ba wasa a fuskarta.

"Na'Allah, zuciyab Baba ta. In ba a duba shi ba, ruwa za ya cika mai huhu."

Kawu ne fa ya riƙe ni tun ina yaro. Ga kuma inda gizo ke saƙa: Nuriyya 'yar fari ce. Saboda kunya, Kawu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. In ta shigo sai ya hau murɗa rediyo. Ranar da ta zama likita ya yanka rago, ya ce wai don gero ya yi kyau ne. Irin wannan mutum ne zai ɗaga riga a gabanta?

Na same shi a zaure na faɗa masa. Ya harare ni.

"Ni da ciwon zuciya? Wa yab ɓata mani rai? Ban riƙe kowa ba. Kuma ba inda za ni."

Na yi ta lallashi har bakina ya bushe. Da ƙyar ya yarda da dabarata: ni zan ɗora masa abin sauraron ƙirji, ita kuma ta sa a kunne daga bayansa. Ya zauna ya juya fuska bango, kamar wanda aka yi wa laifi.

"Tambai shi matashin kai nawa yaka kwana bisa," in ji Nuriyya.

Na tambaye shi, ko da yake ya ji sarai.

"Hwaɗa mata ukku."

Na ɗora abin. Ta ce ba nan ba, hagu. Na matsa. Ta ce nan ciki ne, ba ta jin komai sai furar da ya sha. Na sake matsawa, abin ya faɗa cikin aljihun riga. Kawu ya yi haƙuri har ya gaji.

"Kai Na'Allah, ba ka iya komi ba sai surutu! Tashi ka ba mutane wuri."

Fuskarsa har yanzu tana bango. Sannan ya ce, a hankali:

"Nuriyya, taho ki aza da kanki."

Na ja gefe na ba ta wuri. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Ita kuwa sai da ta cire abin daga kunne ta share ido da gefen mayafi. Ta durƙusa a gabansa ta ɗora, ta daɗe tana saurare, ta koma bayansa ta sake saurare.

"Baba," ta ce, "da sauran ƙarhi gare ta, amma tana son magani. Gobe mu tahi asibiti."

Kawu ya sauke rigarsa, ya juyo ya dube ta.

"To. Ki tashe ni da wuri."