Fankar da Ta Kai Gwaggo Maiyama

A shekarar da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega. Mota ce mai haƙuri, sai dai ba ta son tsayuwa. In tana gudu lafiya lau, amma da zarar ta shiga cunkoson ranar kasuwa sai lagireto ya hau tafasa kamar tukunyar dahuwar kanwa, don fankarta da fambel, wato bel ɗin da inji ke ja, take juyawa, in inji ya yi sanyin jiki ita ma ta yi.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, mai gyaran rediyo da fankar ɗaki. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya. Wata rana ya zo da fanka mai aiki da batir, wadda ya samo a jikin wata mota da ta mutu.

"Malam, ga maganin tsohuwag ga taka. Ko tana tsaye, wagga juyawa take."

Na ce, "Kai da ka saba da rediyo, kada ka sa mini mota ta fara karanta labarai."

A inuwar dogon yaron ƙofar gidana muka yi aikin. Ya kwance tsohuwar fankar, ya ɗaura sabuwar a bayan lagireto da ƙarfe biyu da maƙeri ya lanƙwasa mana, ya ja waya zuwa batir, ya kafa makunni kusa da sitiyari. Ni kuwa na ɗauko tawada na rubuta "kunna" da "kashe" da ajami a gefensa, don kada in ruɗe. Na yi bisimilla na danna. Muka zaga gaban motar, sai iska ta bugi fuskokinmu. Ana tsakar bazara ne, muka tsuguna muna shan iskar nan muna hamdala. A wurinmu fankar kirki ita ce mai hura wa mutum a fuska, ai haka muka san ta a ɗaki.

Na sa hannu aljihu, ya riƙe ni.

"Ba ni son kuɗin albasa, wari gare su. Inna za ka kai mini Maiyama."

Gwaggo ta tsufa, ƙafa ta hana ta hawan motar haya. Autarta ta haihu a Maiyama, ɗan fari, kuma ta ƙwallafa rai sai an raɗa sunan nan tana wajen. Ba ta taɓa roƙona komai ba. Na ce na ɗauka.

Ana gobe suna muka tashi bayan azahar, gwaggo a gaba tsakanina da taubashina, turmin atamfa da ƙwaryar yaji a cinyarta. Muka ratsa cunkoson Jega ko gumi motar ba ta yi ba, taubashina sai hura hanci yake. Amma da muka haye gada na taka mai, allurar zafi ta fara hawa. Na tsaya, muka jira, muka zuba ruwa. Muka sake tashi, ta sake hawa. Abin ya juye: a tsaye lafiya, a guje ciwo. Ruwan jarkarmu ya kusa ƙarewa, ga Maiyama da sauran tafiya.

Na sauke gwaggo ta sha iska. Muka yi la'asar a bakin hanya, fankar na ta juyawa. Gwaggo kuwa tana zaune gaban motar, mayafinta na kaɗawa.

"Ku 'yan nan, wanga abu waje yake hurawa?"

"Waje mana, Inna. Ba ki ji daɗinta ba?"

"Na ji. Amma in kuna gudu ai iska ciki take shiga. Ni dai ban taɓa ganin mai shiƙa ta juya ƙwarya tana faɗa da iska ba."

Taubashina ya sosa ƙeya. Sai ya tsinto ɓawon albasa a bayan motar ya saki gaban lagireto, iska ta watso masa shi a ƙirji. Ya kashe makunni, ya sauya wayoyin nan biyu, wadda ke dama ta koma hagu. Da na kunna, ya sake sakin ɓawon, sai ya manne jikin lagireto ya ƙi faɗuwa.

Na ce, "Ashe motar muke yi wa fifita ta baya."

"Ai kai ka fara tsugunawa kana lumshe ido!"

Daga nan allura ba ta ƙara motsi ba. Muka shiga Maiyama ana kiran magariba. Autar ta fito da gudu, gwaggo na ta yi mata faɗa kan mai jego ba ta gudu.

Da safe aka yanka rago, aka raɗa suna, aka yi fatiha. Daga zaure ina jiyo muryar gwaggo cikin mata tana yi wa jaririn kirari, tana ce masa mijinta mai rowa. Taubashina ya matso ya zuba mini goro a hannu.

"To Malam, ka fita. Ba ni binka komi."

Na ce alhamdu lillahi, na ɓare ɗaya na miƙa masa rabi.