Dattijon da Ya Ceto Gonar Cikin Kaset

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Kaset bayan jinyar mako uku. Ina kan keken ɗinki labarin ya iske ni. Na ɗauke ƙafata, na daɗe ina kallon bangon da ya raba shagona da naka.

Shekara tara muna maƙwabtaka, Baba. Kai kana gyaran tsofaffin na'urorin wasan talabijin, ni ina ɗinki. Ta bangon nan nake jiyo kiɗan wasanninka, siriri, kamar daga nesa iska ke kawo shi. In na rufe ido har yanzu ina ganin teburinka: fitila mai lanƙwasasshen wuya, auduga, hayaƙin dalma yana tashi a hankali, da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ka haɗa da kanka. A bakinta kake cusa kaset ɗin wasa, ta karanto duk abin da ke ciki, ta zuba a kwamfuta. Na sha tsokanarka cewa ga dattijo da furfura ya ƙi girma. Sai ka ce ai ni ma wasan 'yar tsana nake yi, 'yan tsanar ne kawai suka girma.

Ban san darajar aikinka ba sai shekara biyu bayan rasuwar maigidana. 'Yata ta tsinci wani kaset mai ruwan toka a ƙasan akwatinsa. Wasan noma ne da yake yi tun yana saurayi, bai kuma daina ba har ciwo ya kwantar da shi. Muka kawo maka. Ka juya shi a hannunka, ka bayyana mana cewa wasan kansa ba ya saurin lalacewa, amma abin da mutum ya gina a ciki da inda ya tsaya, wani ɗan batiri kamar maɓallin riga ne yake riƙe da su. Na wannan ya haura shekara ashirin. In ya mutu kafin a kwafe, komai ya tafi.

Ka goge bakin kaset ɗin da auduga, ka roƙe mu kada mu taɓa teburin. Sau biyu na'urar ta ƙi karantawa. Na ga gumi a goshinka. A karo na uku wata 'yar koriyar fitila ta kama, ka sauke numfashi, ka juyo da allon wajenmu.

Sai ga gona. Gida mai jan rufi, shuka ta kai girbi, kogi yana gudu ba ƙara. A bakin gada wani ɗan mutum yana tsaye da sandar kamun kifi, gajimare na wucewa a kansa. Sunan da maigidana yake kiran 'yarmu da shi a gida, shi ya raɗa wa gonar. Wata kaza kuma mai zirga-zirga a tsakar gida, sunana ya sa mata. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ka miƙa wa 'yata abin sarrafa wasan. “Ga inda babanki ya tsaya,” ka ce. “Je ki girbe masa.”

Daga nan ka ce za ka je sayo shayi, alhali kofinka cike yake, ka ja mana ƙofa. Kwana huɗu bayan haka batirin ya mutu. Gonar tana nan a kwamfutar gidanmu, 'yata ta ƙara mata itatuwa.

A zaman makoki na gane ba mu kaɗai ba ne. Wani direba ya ce kai ka dawo masa da wasan da suke yi da ƙaninsa. Wata malamar asibiti ta zo da kaset ɗinta a jaka. Mai ɗakinka ta faɗa mini cewa a makon farko na jinyarka ka sa an kawo maka kwamfutar kan gado, ka rubuta sunan mai kowane kwafin wasa da ke cikinta, ka damƙa wa babbar 'yarka amanar isar da su. Ta ce ba ka taɓa kai ko wasa ɗaya ƙarshe ba. Shiga kawai kake yi, ka tabbatar komai na mutane yana nan, ka fito.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka huɗu, da jikokinka. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya kiyaye maka bayanka yadda ka kiyaye amanar mutane. Amin.