Rigar Matar Sin

Ina shanya wanki aka kira ni daga garinmu, Sarkin Hausa, aka ce Inna ta cika. Bayan an yi sadakar bakwai muka buɗe akwatinta. A can ƙasa na ga koriyar rigar nan, sai na tuna Kaka.

Shekarar fari ce, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Baba ya tafi Katsina neman abin da za mu ci, shiru. Wata rana babbar mota kamyo ta zo da kayan taimako, soja na tsaye da bindiga ana rabo. Muka samu dawa kaɗan da riga guda: doguwa, matsattsiya, wuyanta a tsaye, maɓallanta ƙullin zare, da tsaga hagu da dama. Malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, ya ce ta matan Sin ce. Duk matan gidanmu sun gwada, ba wadda ta shiga.

Bayan isha'i Kaka kan zauna bakin murhu da rigar a cinya, tana ɗinke tsagar, wai kada wadda za ta saka ta ji kunya. Anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da yunwa ta sa muke ci, na jiƙe a ƙwarya kusa da ita.

"Ga ta nan, ku matso," in ji ta. "Da can rigar matan Sin faɗi gare ta, kamar babbar rigar maigari."

Ta ce sai ruwa ya ɗauke a ƙasarsu. Akwai wata mata, kowace shekara in ta rame sai ta kai wa tela ya rage mata rigar. Aka yi ta ragewa har ta kasa ɗaga ƙafa. Sai ta tsaga gefe da gefe don ta iya tafiya nemo wa 'ya'yanta hatsi.

"Kaka, ta samo?"

"Ke dai, uwar gaggawa! Tana hanya. Sai gobe."

Kullum tana hanya. Ni kuwa tsoro ya kama ni. In yunwa ce ta yanka rigar, ranar da ta shiga wani a gidanmu fa? Na riƙa kallon hannun Inna a ɓoye, in ga ko ya rame. Ban kalli na Kaka ba, ita da ke tura mana rabonta tana cewa anza ba ta son tsofaffi.

Da aka sayar da baƙin saƙinta aka auno gero, wani maraice ta fito sanye da rigar. Maɓallan duka sun rufe.

"Ga amaryar Sin," ta ce. "Ina tukuicina?"

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Kaka ba ta ga damina ba, Baba ya dawo ya tarar da kabari.

Kwanan baya ɗiyata ta nuna mani hotunan irin rigar a waya. Ashe gaskiya ne da faɗi ta fara, aka yi ta matse ta. Amma yayi ne kawai, ba yunwa ba. Ban ce mata Kaka ta yi kuskure ba. Ina ganin ba ta da wata hanyar gaya mana abin da ke zuwa sai ta bakin matar Sin, ni ce na kalli hannun da ba shi ba.

Tsagar dama a ɗinke take. Ta hagu ta kai rabi, allurar na soke a wurin, ta yi tsatsa. Inna ba ta cire ta ba, ba ta kuma ƙarasa ba.