Kalmar da na fassara wa yayana

Yayana ɗan kokowa ne. A ƙauyenmu na gefen Mayahi da garuruwan kewaye, in an gama yankan hatsi aka buɗe fage, ba wanda ya taɓa kai gwiwarsa ƙasa. Ni kuwa ina karatu a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, rabin hankalina kullum yana cikin littafi.

Wata shekara wani mai horarwa ya zo Tasawa neman samarin da za a kai Maraɗi su koyi kokowar Turawa, wadda ba a kama ƙafa, ba a taɗiya, daga ƙugu zuwa sama kawai ake riƙo. Ya raba takardar dokoki da Faransanci. Yaya ya kawo mini ita a ninke cikin hularsa.

Ya ce, "To ƴar lakwal, yau karatunki zai yi rana. Me Bature ya ce?"

Na karanta masa layi-layi. Da na zo kan kalmar "tombé", na ce kaye ke nan.

"Kaye dai irin namu?"

"Irin namu, Yaya."

Akwai ƙananan rubutu a ƙarƙashinta. Na tsallake su, don na ɗauka na sani. A wurinmu, da gwiwoyin mutum sun taɓa ƙasa an gama. A kokowar Turawa kuwa sai ka danne kafaɗunsa biyu a ƙasa.

Ranar zaɓe a kan katifa aka kara, babu rairayi, babu makaɗi. Aka haɗa shi da wani siririn saurayi ɗan makiyaya. Yaya ya rungume shi, ya murɗa, ya durƙusar da shi kamar raƙumi zai karɓi kaya. Sai ya sake shi, ya juya baya, ya ɗaga hannuwa yana nemana cikin mutane. Alƙali bai busa usur ba. Saurayin ya miƙe, ya kama ƙugunsa ta baya, ya maka shi da ƙasa, ya danne. Yaya yana kwance, idonsa a kaina, bai gane abin da ya faru ba.

Ba a ɗauke shi ba.

A tashar mota na ce, "Yaya, laifina ne."

"Bari. Kar ki faɗa wa Baba, don kar ya ce lakwal ɗin ba ta da amfani."

Har yau in an tambaye shi a ƙauye, sai ya ce katifar ce da santsi. Ina zaune nake jinsa, kuma ban taɓa gyara masa ba.