Littafin Da Aka Yage Wa Ƙarshe Ne Ya Kai Ni Wurin Innata

A lokacin da abin nan ya faru, ni yarinya ce 'yar shekara goma sha wani abu, 'yar fari a gidanmu, a wata ruga da ke gefen Ruma. Baffana yana noma yana kiwo, Innata tana tallar nono. Zamanin ne aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, gwamnati ta samu kuɗin mai ta baza makarantu har ƙauyuka, mai gari ya kafe sai kowane gida ya ba da yaro. Ni aka bayar, don ƙanena yana goye. Yau na tsufa, na aje alli bayan shekaru ina koyarwa, amma abin yana nan a raina kamar jiya.

Wata safiya na yi tuntuɓe na fasa ƙwaryar nono. Baffa ya hau ni da faɗa, Inna ta tanka masa, magana ta yi tsawo har maƙwabta suka shigo. Ba a daɗe ba aure ya mutu. Ranar da za ta koma gidansu a Zakka, 'yan'uwanta suka zo suka ware shanunta daga garkenmu, aka bar wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ita kaɗai. Inna ta goya ƙanena, ta yi sallama da kowa har da yaran maƙwabta, ta wuce ta gabana ko kallona ba ta yi ba. Na san tana kunyata irin ta ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. To amma a rana irin wannan? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ni na kashe mata aure da ƙwaryar nan, shi ya sa ta tsane ni. Saniyar kuwa na ɗauka Baffa ne ya riƙe ta da ƙarfi.

Wallahi na sha wuya, kuma ba wanda ya sani. Ba mai duka na, ba a hana ni abinci, Goggo ƙanwar Baffa tana iya ƙoƙarinta. Sai dai ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga abin da ya faru. Na zama mafaɗaciya, yarinya ta kalle ni a aji sai dambe. In Goggo ta dawo daga kasuwar Safana da dawo ko alewa ta ce saƙo ne daga Zakka, sai in ture in ce ba na ci. Ana nan sai na tsinci zancen manya, wai Inna za ta yi aure bayan kaka, mijin kuma mai tafiya kudu ne da shanu. Na ce a raina ta tafi mana, ina ruwana.

Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, wani siriri ne mai keke, yana da akwatin littattafai a ƙarƙashin tebur. Ranar da na fasa wa wata baki, maimakon bulala sai ya miƙo mini wani ɗan littafin labari duk ya tsufa, ko bango babu, ya ce horona shi ne in karanta shi. Na tafi da shi kiwon maruƙa ina ƙunƙuni. Ashe labarin wata yarinya ce da iyayenta suka rabu, ita ma tana ganin laifinta ne, ita ma tana jin haushin uwarta tana kuma kewarta. Ikon Allah! Ni da nake zaton ni kaɗai ce a duniya mai wannan ciwo, sai ga shi wani ya rubuta shi tsaf. Na yi kuka har maruƙan suka shiga gonar wake ban sani ba. Na kai inda yarinyar ta ɗaure kayanta ta nufi garin uwarta, ta isa ƙofar gida ta yi sallama, sai kawai littafi ya ƙare. An yage sauran.

Kamar in yi hauka. Washegari na tare malam na tambaye shi ko uwar ta karɓe ta ko ta kore ta. Ya yi dariya ya ce haka ya same shi, wataƙila mai ƙosai ta naɗe ƙarshen, kuma shi bai taɓa zama uwa ba balle ya sani. Har gobe ina zargin shi ya yage da hannunsa. Na yi ta juya maganar, har na ga ba mai ba ni amsa sai mutum ɗaya. Ranar kasuwa na roƙi Goggo in ɗaukar mata man shanu, muka hau motar katako zuwa Safana.

Na sami Inna a layin masu nono, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta kau da kai, zuciyata ta ce ai ga ƙarshen labarin nan. Na yunƙura zan tashi sai na ji tana magana da matar da ke kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji. Ta ce a tambayi 'yar mutanen nan ko jar saniyar tana ba da nono, don ta bar ta ne saboda wata mai taurin kai da ba ta iya shan fura gaya. Ta ce kuma a gaya mata auren ya daɗe da tsagewa tun kafin wata ƙwarya ta fashe. Tana faɗa tana dama fura, hawaye na sauka a kan zaninta. Ta turo ƙwaryar gabana ba tare da ta dube ni ba, na shanye tas.

Bayan kaka ta tafi kudu, kuma ganin da na yi mata daga nan har rasuwarta bai taka kara ya karya ba. Da na biye wa zuciya, da haka za ta tafi ina ƙin ta a banza. Shi ya sa kullum nake gode wa Allah, nake yi wa malamin nan addu'a, da marubucin da ban san ko sunansa ba. Iyaye, in zama ya ƙi, ku rabu lafiya, amma don Allah ku buɗe baki ku gaya wa yaro ba laifinsa ba ne, kada kunya ta sa ku bar shi yana cin kansa. Marubuta kuma ku rubuta wa yara irin waɗannan labarai, akwai masu jira. Na nemi cikon littafin nan shekara da shekaru ban samu ba, daga baya na daina nema. Jikokin jar saniyar suna nan a garkenmu, nononsu nake dama wa jikokina fura.